Yadda Na Shiga Sinima a Abuja Na Kalli Fim ɗin Kisa Mai Ban Tsoro

Tun da na dawo daga Abuja matan gidanmu da ƙawayena ke damuna da tambaya, wai da gaske kin shiga sinima, ya ake shiga, nawa ake biya, ana cire niƙabi ne, maza da mata a haɗe suke zama? Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya shi yasa nace bari in zauna in rubuta tiryan-tiryan yadda abin ya kasance, duk wadda ke da niyyar zuwa ta huta da ruɗewar da ni na sha. Ni 'yar cikin garin Kano ce, kuma a gidanmu ko sunan sinima ba a kamawa da daɗin rai. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Allah in aka ce sinima sai ta jawo labarin gobarar sinimar El-Duniya ta Kano a 1951 wadda ta ci mutum sama da 300 lokaci guda, tace ai ishara ce ga mai hankali. Yayyenmu maza dai sun sha satar jiki su tafi Plaza ko Orion ko Marhaba kallon Indiya da Chana, su dawo su sha bulala, amma mace? Wa ya isa. Haka na girma na yi aure na hayayyafa, kallona bai wuce talabijin da waya ba.

Ƙarshen watan Satumba na 2023 ƙanwata ta haihu a Kubwa da ke gefen Abuja, na je na zauna mata har bayan suna. Autanmu yana bautar ƙasa a Abujan, kuma ya san ni da son labaran binciken kisa tun ina sakandare, irin wanda za a kashe mutum a cikin gida kowa ya zama abin zargi sai a shafin ƙarshe a gane waye. Shi ne ranar nan yace Yaya akwai fim ɗinki fa a sinima, A Haunting in Venice, ranar 15 ga wata ya fito, daga wani littafin marubuciyar Ingila Agatha Christie na 1969 aka ɗauko shi, ki zo in kai ki kafin ki koma. Nace kai Auta ka rufa min asiri. Amma abin ya tsaya min a rai, da daddare na kira Abban yara na faɗa mishi, sai da ya gama dariyarsa tas sannan yace tunda da ɗan uwanki za ki ba komai, ki dai kula da sallah kuma kar ku kai dare. Sharuɗɗan nan biyu su suka tsara mana ranar gaba ɗaya.

Abu na farko duba lokaci. Manyan sinimomin Abuja irin su Silverbird da Genesis a cikin manyan rukunin shaguna suke, mol-mol ɗin nan, kuma kowacce tana saka jadawalinta a intanet da Instagram, sunan fim da ƙarfe nawa da ƙarfe nawa za a haska. Ba zan faɗi wadda muka je ba tunda akwai 'yan ƙorafina a gaba. Auta ya duba tun daren Juma'a ya ga akwai na ƙarfe biyu ranar Asabar, muka lissafa fim ɗin awa 1 ne da minti 43, kenan in mun yi azahar mun shiga za mu fito daidai la'asar, shikenan lissafi ya fita. Ana iya sayen tikiti ta waya tun daga gida, ya gwada, shafin ya yi ta juyawa yana juyawa har ya haƙura yace mu saya a can kawai.

Sai batun mota. Wadda bata san Abuja ba ta sani, cikin gari babu ɗan acaɓa babu adaidaita sahu, a unguwannin gefe kawai suke. Daga Kubwa ko dai ki hau motar haya ta haɗaka wadda suke cewa alon, ta sauke ki Baja ko Wuse ki sake hawa wata, ko ki kira Bolt, motar hayar nan da ake kira ta manhajar waya. Lokacin kuma watanni huɗu kenan da cire tallafin mai, litar fetur ta haura naira 600 a Abuja, kuɗin mota ya ninka, ga kuma maganar 'yan wan-cans da ta cika gari, masu ɗaukar fasinja a mota su yi mishi fashi su wurgo shi a titi. Ƙanwata tace wallahi Yaya ba za ki hau alon ba, ta kira mana Bolt da kanta, muka biya 4,500. Babban titin Kubwa ranar Asabar babu cunkoso, minti talatin da wani abu muka isa.

A ƙofar mol ɗin aka fara bincike. Ana wucewa ta ƙofar ƙarfen nan mai ƙara, maza ɓangarensu namiji na shafa su da na'ura, mata kuma mace ce ke duba jaka. Ga amsar masu tambayar niƙabi: ni dai ba wanda yace in cire, sikiritin macen ta buɗe jakata ta leƙa, ta ga gorar ruwa da ƙullin cincin na suna da dambun nama da ƙanwata ta cusa min, bata ce komai ba ta miƙo min. Na ɗauka shikenan abincina ya tsira, ashe wannan binciken na mol ne, na sinima yana gaba. Sinimar a bene take, akwai matattakala mai tafiya da kanta akwai kuma lif. Mai doguwar abaya ko zani mai jan ƙasa ta tattare shi sama kafin ta taka matattakalar nan, ko ta nemi lif kawai, dan bakin ƙarfen yana kama tufa, ni lif na shiga ban tsaya gwada jarumta ba.

Muna zuwa kanta aka fara rikici. Akwai manyan allunan talabijin a sama suna nuna fina-finai da lokutansu, Auta ya ɗaga kai ya duba ya sake dubawa, babu fim ɗinmu a ƙarfe biyu, sai huɗu da minti ashirin da kuma tara saura na dare. Ya nuna wa yarinyar kantar abin da ke wayarsa, tace ai an canja da safe, an ba wani fim ɗin Nollywood ɗakin saboda ya fi masu kallo. Ba haƙuri ba komai, idonta na kan na bayanmu. Raina ya ɓaci gaskiya, dan awa biyu da rabi ba wasa ba ce kuma na baro mai jego. Muka koma gefe muka sake lissafi, in aka fara huɗu da ashirin za a tashi wajen shida da 'yan mintuna, magariba kuma a lokacin wajen shida da rabi ake kira, toh za mu tsira da kyar. Muka koma layi. Tikitin naira 4,000 kowanne saboda ƙarshen mako ne, na gani a rubuce na ranakun aiki ya fi sauƙi, kuma akwai wani ɗaki na musamman mai kujeru masu kwanciya da kuɗinsa ya kusa ninki. Katin Auta ya ƙi wucewa a POS, netwok, suka ce tiransifa sai an jira alat ya shigo, Allah ya taimaka ina da tsabar kuɗi a jaka na biya. Bata tambaye mu katin shaida ba. Ta juyo mana da fuskar kwamfuta tace mu zaɓi kujera, ni ban gane zanen ba, Auta ya nuna biyu a tsakiya ta wajen baya. Tikitin wata 'yar siririyar takarda ce irin rasit, a jiki akwai lambar ɗaki da harafin layi da lambar kujera, kar ki yar da ita dan za a nema a gaba.

Zaman jiran nan shi ya fi komai gundura ta. Mun zaga shaguna, kayan duk na kallo ne ba na saye ba, muka samu benci muka zauna na kira gida na ji lafiyar jariri. Da la'asar ta yi muka tambayi wani mai gadi Bahaushe, Baba dan Allah ina ake sallah, yace Hajiya ku sauka ƙasa ta wajen da ake ajiye motoci akwai wuri, mata ma da gefensu. Akwai ɗin kuwa, da tabarmi da famfo. Amma banɗakin cikin mol babu buta, tishu ne kawai, gorar ruwan jakata ita ta cece ni. Duk macen da za ta je ta riƙe wannan, shi ne abin da ba wanda zai faɗa miki.

Huɗu da 'yan mintuna muka hau. Kafin ɗakunan kallo akwai kantar gugguru da lemo, ƙamshin man ya cika wurin, Auta yace Yaya sinima ba gugguru ai ba sinima ba ce, ya sayi kwali ɗaya da lemo biyu 3,500, guggurun da in a bakin makarantar su yarana ne ɗari biyu ya ishe ki. A bakin lungun shiga wani saurayi ya karɓi tikiti ya duba ya yaga gefe, sai yace a buɗe jaka. Nan cincin da dambuna suka gamu da hukuma, wai ba a shiga da abincin waje. Yace in bari a wurinsa in karɓa in na fito, ya manna wata 'yar takarda a jikin ledar, ruwan dai ya bar min bayan Auta ya yi mishi magana. Na kuwa samu kayana lafiya da muka fito, amma da na sani da ban ɗauko ba. A jikin hoton kowane fim akwai alamar shekaru ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa, G da PG da 12 da 15 da 18, mai zuwa da yara ta duba wannan tun a kanta kafin ta biya.

Ana tura ƙofar ɗakin, ƙofa ce mai nauyi har biyu, sanyi ya buge ni. Esi ne na gaske ba irin na ofis ba, kuma mutane ba su fi ashirin ba a ɗakin da zai ɗauki sama da ɗari, babu jikin da zai ɗumama wurin. Hijabina mai kauri ne amma tafin ƙafata sai da ya ƙandare, na yi ta da-na-sanin rashin safa, shi kuwa Auta da 'yar tishat ɗinsa tun kafin a fara ya naɗe hannu a ƙirji. Da ɗan haske lokacin, matakalar tana da ƙananan fitilu, haruffan layi a rubuce a gefen kujera. Maza da mata a haɗe suke, eh, amma kowa da kujerarsa mai faɗi da hannu a tsakani, kuma ranar layinmu mu biyu ne kacal. Abin da na fara nema da ido ƙofar fita ce, jikar mai labarin El-Duniya ce ni ai, na ganta can ƙasa gefen allon da rubutu mai haske a samanta, sannan hankalina ya kwanta. Huɗu da ashirin ta yi aka rage wuta, na gyara zama, sai talla. Tallar banki, tallar lemo, tallar waya, sannan guntayen fina-finai masu zuwa ɗaya bayan ɗaya, kusan minti goma sha biyar ana abu ɗaya ina ta duba agogo ina tuna magariba. Ashe lokacin da aka rubuta a tikiti na fara talla ne ba na fara fim ba.

Shi fim ɗin a birnin Venice na Italiya aka kafa labarinsa, shekarar 1947 bayan yaƙin duniya na biyu, garin nan da aka gina a kan ruwa wanda kwalekwale ne motar hayarsu. Mai binciken, Poirot, ɗan Beljiyam mai murɗaɗɗen gashin baki, ya yi ritaya ya rufe ƙofarsa har da mai tsaronsa na korar masu kawo ƙara. Kenneth Branagh ne ya fito a matsayinsa kuma shi ya ba da umarni, karo na uku kenan yana wannan rawar. Wata ƙawarsa marubuciya ta ja shi wani tsohon gida a daren Halowin, bikin Turawa da ake shigar fatalwa da dodanni, gidan wata mawaƙiya da 'yarta ta mutu, ana cewa da can gidan marayu ne aka kulle yara a ciki lokacin annoba suka mutu, wai fatalwarsu na nan tana ramuwa. An gayyato wata mata mai cewa tana magana da matattu, dan ta kira ruhin yarinyar. Tana bayyana Auta ya taɓa ni yace Yaya wannan ai ta finafinan faɗan Chana ce, Michelle Yeoh, 'yar Maleshiya ce ma, a watan Maris na shekarar ta ci babbar kyautar finafinai ta Oscar. Yadda ta zauna a kujera tana juyi murya ta canja, duk wanda ya taɓa ganin hawan bori zai gane wurin nan take, ni har na fara karanto Ayatul Kursiyyu a zuci ba shiri. Kafin gari ya waye aka samu gawa, ga guguwa da ruwan sama sun hana kwalekwale zuwa, Poirot ya sa aka kulle ƙofofi yace ba mai fita sai ya gano mai kisan. Iya nan zan tsaya, ba zan ɓata wa kowa ba.

Tsoron da ke ciki ba na jini ba ne, ba a nuna yanka ko wani abin ƙyama sosai, na sauti ne. A waya da na kalla da ba zan ji komai ba, amma a can lasifika ta zagaye ɗakin, sai a yi tsit har kina jin ɗigar ruwa, sai muryar yara na waƙa ta taso ta bayan kunnenki na hagu ki waiga ba kowa, sai kuma wani abu ya faɗo da ƙarar da za ki ji ta a ƙirji. Wata mata a gabanmu ta kurma ihu ta kira Yesu, ni na ce innalillahi da ƙarfi a daidai lokacin, ɗakin gaba ɗaya aka fashe da dariya, rabin guggurun Auta a ƙasa. Abin da ya burge ni kuma shi ne shi kansa mai binciken bai yarda matattu na dawowa ba, duk abin da aka ce aljani ne sai ya bi diddigi ya nemo hannun ɗan Adam a ciki, har ya tona wata dabara ta matar nan tun a farkon dare. A nan ni da shi ra'ayinmu ya zo ɗaya, wanda ya mutu ya tafi, masu rai ne abin tsoro.

Matsalar da na fi sha ita ce Turancin. Babu rubutun fassara a ƙasan allo, balle fassarar Hausa irin wadda muka saba da ita a finafinan Indiya, kuma kowa a fim ɗin da irin harshensa, Poirot Turancinsa da karin Faransanci, wani na Italiya wani na Amurka, ga su da magana ƙasa-ƙasa. Irin wannan fim kuwa duk a magana yake, tambaya da amsa, ƙaramin abin da aka faɗa ko aka nuna a rabin awa na farko shi ne zai dawo ya kama mai laifi a ƙarshe. Ba tsayarwa ba mayarwa baya, ba hutun rabin lokaci. Auta lemo ya matse shi ya fita banɗaki na 'yan mintuna, ya dawo ya tarar an samu gawa ta biyu, ya yi ta Yaya me ya faru Yaya waye ya mutu har na bayanmu suka yi mana tsaki. Wasu saurayi da budurwa kuma sai da aka yi nisa suka shigo suna haska tocilan ɗin waya suna neman kujera, har aka tashi budurwar na tambayar wacece wannan waye wancan, kuɗinsu dai sun yi asararsa. Ni na zargi mutum uku daban-daban kafin ƙarshe kuma duk ban dace ba, na ji haushi na kuma ji daɗi.

Ana fara rubutun ƙarshe aka kunna wuta, wajen shida da kwata, muka karɓi cincin muka sauka da sauri muka samu jam'in magariba ana raka'a ta biyu. Da muka fito ashe an yi ruwa sosai muna ciki ba mu ji ko ɗigo ba, kuma ruwan sama a Abuja yana nufin kuɗin Bolt ya tashi, motar da ta kawo mu 4,500 yanzu 6,500 take nema, direbobi biyu suka karɓa suka soke, muka tsaya a bakin ƙofa kusan rabin awa. Sai bayan isha'i muka shiga gida, na kira Abban yara na yi bayani. In aka haɗa mota zuwa da dawowa da tikiti biyu da gugguru, 22,500 ta tashi, kuma mota ta fi tikitin cin kuɗi, wannan farashin 2023 ne yanzu sai abin da ya ƙaru.

Toh ga wadda za ta je. Ki sa a kira sinimar ko a sake duba jadawali da safiyar ranar kafin ki baro gida, na daren jiya ba abin dogaro ba ne, musamman fim ɗin Turawa irin wannan da ba shi da taron jama'a, shi ake fara turewa kuma baya daɗewa ake sauke shi gaba ɗaya, don haka ki je a makonsa na farko ko na biyu. Ki ƙara minti goma sha biyar a kan tsawon fim ɗin in kina lissafin sallah, tsakanin azahar da la'asar ya fi kwanciyar hankali dan tsakanin la'asar da magariba a matse yake. Tsabar kuɗi, safa, mayafi mai kauri, gorar ruwa, abinci kuma ki ci a gida ki bar shi a gida. Ki shiga banɗaki kafin a fara kuma ki rage shan lemo, ki zauna tsakiya ta wajen baya dan na gaba wuyansu ke ciwo, waya a sailen. In Turancinki irin nawa ne na makaranta, ki karanta sunayen mutanen labarin da dangantakarsu tun a gida, amma ki tsaya a sakin layi na farko, dan masu rubutun nan a intanet basu da amana, a layi na uku za su faɗa miki wanda ya yi kisan.